Ranar da Gonar Baba Altine Ta Yi Amai

Ku samarin ga da kunka maida bencin shagona ɗakin kwananku, na ji abin da kuke faɗi. Wai Baba Ladan ba shi da sana'a, farin gari kawai shika aunawa cikin leda shi miƙa, ko akuya anka zamnar nan za ta iya. To madalla. Ku aje wayoyin nan, yau sai kun ji yadda farin garin ga ya kusa sa a binne ni da raina a ƙasar Kebbe.

Wanda bai san garin ruwa ba, shi buɗe kunne. Ga ido kamar sukari ne, fari, tsaba-tsaba. Ka ɗebi cokalin shayi guda ka zuba cikin kwanon sha cike da ruwa, ka juya ka gaisa da mutum, ka waiwayo, ruwa ya ɓace. Ka kife kwanon, ko ɗigo ba ya zuba. Abin da ke ciki ya koma kamar ƙwan kwaɗi, shina ƙyalli shina rawa. Aikinai a gona shi ne a binne shi ƙarƙashin saiwa. In anka yi ruwa shi sha shi ƙoshi, in fari ya zo shi riƙa sakar ma shuka kaɗan-kaɗan. Randa ce dai ta ƙarƙashin ƙasa.

Ni da kabu-kabu nif fara neman abinci nan Tambuwal. Wata rana wani dattijo yat tsai da ni bakin kasuwa da buhun rogo, yac ce in kai shi gida. Malam Sahabi ke nan, wanda yak koyar da kimiyya a sakandare har yay yi ritaya. Da munka isa, yac ce in kama mai buhun zuwa ɗakin baya. Ina shiga wani wari yad daki hancina, har kakannina da ke kushewa sai da sunka yi atishawa. Kwalabe jere, tukunya mai ƙyalli, wani ɗan sikeli irin na masu zinari. Nic ce a raina, Ladan ka shigo gidan boka. Sai yaz zuba garin nan cikin ruwa gabana, yak kife kwano bisa kaina. Nir runtse ido ina salati, ina jiran jiƙa. Shiru.

Nic ce, "Malam, don girman Allah, ina ruwan yat tafi?"

Yac ce, "Kana son ka sani, ko dai mamaki kaka son yi?"

Washegari na dawo ba fasinja. Haka koyon aikin yaf fara.

Malam bai taɓa yi min dogon turanci ba. Da auren mangwaro yay yi min bayani. Yac ce, "Ka ga yadda masu lambu ke yanko reshen mangwaro mai daɗi su ɗamre shi bisa gindin na daji, su zama itace guda? To sitacin rogon ga shi ne gindi. Wancan ruwan sinadari mai wari shi ne rassa. Za mu dasa rassan a jikin gindin, kuma su rassan ƙishirwa gare su, ba su ƙoshi da ruwa." Nic ce ashe ɗaurin aure muke yi, ina goro? Yac ce goron shi ne in rufa bakina in wanke tukunya.

Na wanke tukunya har fatar hannuna ta manta launinta. Daga nan anka ba ni gurzar rogo da tace sitaci. Sai da damina tat tafi tad dawo kafin shi bar ni in riƙa muciya. Muciyar ma ta gidan ce, Malam yaɗ ɗauko daga madafa, matatai ta yi kusan wata ba ta amsa mai sallama da daɗi.

Tukunyar farko da nit tuƙa da hannuna ba ni mantawa da ita. An dama sitaci da ruwan ɗumi har ya yi kauri kamar koko. Malam ya sa min safar roba da tabarau, na koma kamar mai walda. Yaz zuba sinadarin, yar rufe tukunya don iska ɓata aikin taka yi, yak kashe wuta. Ku ji da kyau, ya kashe wuta. Sai nij ji tukunya tana ƙara zafi da kanta, murfi na gumi. Nit tashi tsaye nic ce, "Malam, akwai wani ciki!" Yac ce in zamna, auren ne ke kamawa. Da munka buɗe, abin ya zama curi guda kamar ganda, muciyata tsaye tsakiya ta ƙi fita.

Akwai kuma wani ɗan magani da Malam ke kira maɗamri, shi ke riƙe rassan kada su watse. Da ɗan sikelin zinarin ake auna shi, kuma in ana aunawa ba a numfashi da ƙarfi. In ya yi yawa, garinka ya zama tsakuwa, ko cikin gulbi ka jefa shi ba ya sha. In ya yi kaɗan, ka dafa miyar kuɓewa ke nan. Mun taɓa yin irin wannan, yauƙin ya bi ta ƙarƙashin ƙofa, agwagwar maƙwabta tat taka, sai da tay yi zamiya har bakin masallaci. Bayan dafuwa a yayyanka curin da almakashi, a shanya, in ya bushe ƙarau a niƙa, a tankaɗe.

Niƙan ma ya taɓa jawo muna shari'a. Da can injin unguwa muke kaiwa. Wata rana mai injin yac ce ya share, ashe bai share ba, yaz zuba dawar wata baiwar Allah a kai. Tana yin talge, tuwo yah hau, yat ture murfi, yaf fito shina bin murhu. Ta ruga waje ba mayafi tana cewa kishiyar uwatta ta biyo ta daga ƙauye. Allah ya sa ba wanda yak kai baki. Tun ranar Malam yas sayi ƙaramin inji namu na kanmu.

Kun san abin da yaf fi ba ni mamaki? Wai manyan kamfanonin ƙasashen waje rajistar girkin suke yi. Wanda yag gano sabuwar hanyar haɗawa sai shi je hukuma a rubuta mai cewa tashi ce, ba mai kwaikwaya sai da izininai, har wa'adi shi cika. Wannan ya ce shi da sitacin masara yad dasa rassan, wancan ya ce shi da ɓawon jatan lande, wani ya canza maɗamri ya ce sabon abu ne. Nic ce, Malam, ashe da innata ta san hanya da ta yi rajistar miyar sure, mu huta. Malam yac ce shi tsohuwar hanya shika bi wadda wa'adinta ya ƙare tun ina yawo ba wando, don haka in daina waige in na ga mota mai baƙin gilashi.

Masu sayen kayanmu na farko 'yan lambu ne da masu dashen mangwaro da gwaiba wajen Dogon Daji. Su ba su da wahala. Ramin dashe zurfi gare shi, ka jiƙa garin tukuna shi gama kumburinai cikin bokiti, sannan ka cuɗa da ƙasar gindin rami. Manoman gero su ne jarrabawa. Kullum sai na maimaita musu: ɗan tsunkule kamar na gishirin miya, can ƙasa, ƙasa ta raba shi da iri. Su ce sun ji.

Sai shekarar wahala taz zo. Ruwa ya sauka da wuri, kowa ya shuka, sai ruwan yaɗ ɗauke ƙafa kamar an yi mai laifi. Shuka ta ƙone, anka sake, ta sake ƙonewa. Rumbuna da yawa ba su ga sabon dami ba. Da rani yay yi nisa, mutane sunka fara cin irin da sunka aje.

Cikin bazarar da tab biyo baya, ran kasuwar Kebbe, na shimfiɗa kayana ina ta wasan kife kwano bisa kawunan mutane, sai ga wani tsoho dogo da malfa. Baba Altine, daga wani ƙauye bayan Kebbe inda babur ma sai ya yi istigfari kafin shi shiga. Yaj ja ni gefe.

Yac ce, "Ɗana, gero gare ni mai gargasa, wanda tsuntsu ba ya iya ci. Daga kakana yaz zo. Bara duk ya ƙone. Abin da yar rage ƙwarya guda ta, mun kwan da yunwa ni da matata ba mu taɓa ta ba. In bana yas sake ƙonewa, iri ya ƙare daga hannuna. Maganin ga naka shina hana shuka mutuwa?"

Nic ce, "Baba, hanawa sai Allah. Amma shina taimako in an bi ƙa'ida." Niy yi mai karatun tsunkule har da nuni a ƙasa. Yac ce buhu guda shika so, za su raba da mutanen garinsu. Niɗ ɗamre mai bisa jaki, munka yi ban kwana.

Abin da yaf faru bayan nan daga baya nij ji shi. Mutanen garin sun ce ba su zuba sukarin Tambuwal a gonakinsu. Buhu yar rage mai shi kaɗai. Shi kuma Baba Altine binne shika yi kowace shekara, wato shi shuka cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, iri shi kwanta shi jira. Kun san ramin sungumi ba zurfi gare shi ba, sara guda, a jefa iri, a rufe da diddige. Kuma mutanenmu in sun sami maganin shuka, cikin ƙwaryar iri suke cuɗa shi. Sai tsoho yay yi lissafi irin na taki: gonatai rairayi ce mai ƙishirwar raƙumi, tsunkule na gonar masu fadama ne. Yaj juye ƙwaryar geron cikin buhun, yac cuɗe, yab bi ramu da dunƙulen hannu. Buhun da zai ishi gari guda, cikin 'yar gona guda.

Ruwan farko kuwa da yat tashi zuwa, da asuba yaz zo, irin wanda ke cika kwari. Ni na kwana Kebbe wurin wani abokina, da hantsi ina shan koko sai ga mutum bisa babur duk caɓi, ko sallama babu.

"Kai ne Ladan mai gari?"

Nic ce, "Ya danganta da abin da yay yi."

"Hau. Gonar Baba Altine ta yi amai."

Jama'a, na ga abubuwa a duniya. Na ga tirela kwance cikin gulbi, na ga sa bisa rufin mota. Ban taɓa ganin irin wannan ba. Tun daga nesa gona ke ƙyalli kamar an farfasa gilasan duniya an watsa. Kowane rami ya tofo abin da ke cikinai. Curi-curi, layi-layi, kowane ya kai kan jariri, suna rawa in iska ta taɓa su. Garin ya sha ruwa, ya kumbura, ya ture 'yar ƙasar da anka rufe shi da ita, ya fito sarari. Geron kuwa ga shi nan cikin curin, kana hango shi tsaba-tsaba, wani a sama tsirara.

Mutanen gari duka sun fito. Wasu na cewa ƙanƙara ce wadda ba ta narkewa. Wata tsohuwa ta ce kwaɗin duniya ne sunka yi taron suna. An kira liman, ya tsaya bakin gona nesa kaɗan, shina addu'a shina ja da baya. Wani mai ƙarfin hali yac ce bari shi taka shi gani, ƙafa guda yas sa, sai ganin tafin ƙafafunai munka yi sama.

Ba wannan ne tashin hankalin ba. Kaji da zabin garin sun riga kowa ganewa. Ga kurciyoyi na sauka garke-garke. Ga rana ta fara zafi. Baba Altine na tsakiyar gona durƙushe, malfa ta faɗi, shina tura curi cikin rami da hannu biyu. Ya danna nan, shi ɓullo can. Ya taka da diddige, shi tsarto ta tsakanin yatsu. Matatai, Inna Tumba, tana jifar zabi da hoge tana kuka.

Da tag gan ni tac ce, "Ga shi nan! Kai ɗan nan, mi munka yi maka?"

Sai nij ji da'irar mutane tana matsowa. Wani na riƙe da sungumi, kuma ba shuka zai yi ba. Nic ce, "Ku dakata! In kun kashe ni, wa zai gaya muku yadda za a fid da geron?" Wallahi sa'ad da nif faɗi haka ni ma ban san yadda za a yi ba.

Garin ba sabis sai bisa wani suri bayan makabarta. Nih hau, waya a sama kamar mai kiran salla, nis samu Malam Sahabi. Na zayyana mai komi. Yac ce, "Buhu guda? Ladan, buhu guda?" Nic ce Malam a bar ta'aziyya sai an jima.

Yac ce, "Gishiri. Garin nan ba ya shiri da gishiri, in ya ji shi sakin ruwan shika yi shi motse. Amma kada ku kuskura ku watsa a gona, ku kashe ƙasar. Ku kwashe curin cikin robobi, ku zuba gishiri ku motsa. In ya saki, gero zai kwanta ƙasa. Ku tsame maza, ku ɗauraye da ruwan daɗi sosai, kada gishirin shi shige shi. Kuma yau za a shuka, don iri ya riga ya sha ruwa, ba ya jiran gobe."

Nis sauko nif faɗi. Maza sunka tsaya kallon juna. Wani har shina gunaguni, wai tsohon da ko zangarniya guda bai taɓa ba kowa ba ta irin nan, yau shi za a yi ma gayya? Inna Tumba ba ta tsaya sauraren shi ba. Ta shiga gari gida-gida. Kafin ka ce me, mata sun fito da robobin wanki, da ƙore, da rariya, kowace da ƙullin gishirin miyarta. Mai tebur guda da ke garin, gishirinai duka anka kwashe. Har na lasar dabbobi an farfasa an daka.

Ranar na yi aikin da ban taɓa yi ba. Kwasar abin nan da hannu kamar kamun tarwaɗa ne cikin man gyaɗa. Mu kwasa, mu faɗi, mu tashi. Liman da kansa ya naɗe riga, ya faɗi sau ba adadi, kowace faɗuwa da irin salatinta. Da anka zuba gishiri cikin roba ta farko anka motsa, curin yaf fara zubar da ruwa shina motsewa, mata sunka ja da baya suna a'uziyya. Sai ga gero kwance ƙasan roba. Inna Tumba tas sa hannu tad damƙo, tad duba, tac ce, "Shi na. Ku ci gaba."

Ba duka munka samu ba, kada in yi muku ƙarya, ko da yake na iya. Kaji sun ci rabonsu har sun kasa tafiya. Wanda rana tad daka ya tafi. Ƙwarya guda tad dawo ɗan ƙoƙo. Kafin la'asar an shuka shi a wata 'yar gona bayan gida, da sungumi da diddige, irin na kaka da kakanni. Baba Altine yac ce ko ƙurar garina kada ta kusanci wurin. Ban yi musu ba. Ranar gari duka miya lami anka sha, ni kuwa ko lamin ba wanda yat taya ni.

Cikin wanda anka shuka, wani ya tsiro, wani bai tsiro ba. Damina tay yi kirki daidai gwargwado. Da kaka tay yi, anka aiko in zo. Na tafi da shirin gudu, ban kashe babur ba sai da nig ga fuskoki.

Ashe matan garin ne sunka tasa tsoho gaba. Ya ce zai sayo musu gishirinsu ran kasuwa, sunka ce ba su so. Babbarsu tac ce, "Baba, gishirinmu ya shiga geron ga. Mu ma muna da gado ciki." Ya juya wurin Inna Tumba neman ceto, tac ce, "Kada ka dube ni, maigida. Ni ba ni sake kwana da yunwa ina gadin ƙwarya guda." Ga 'yan dammunan gero mai gargasa jingine a zaure. Tsoho yaz zamna, yak kwance dami da hannunai, kowace mace ta zo ta durƙusa, shi zaɓi zangarniya mai kyau shi miƙa, fuska kamar ana cire mai haƙori. Irin da tun zamanin kakanai bai taɓa ƙetare danga guda ba, ranar ya shiga kowane gida a garin. Har liman ya samu, wai ladan faɗuwa.

Da layi yaƙ ƙare, nim matsa nim miƙa hannu biyu, nic ce, "Baba, saura ni."

Yad dube ni sama da ƙasa. Yac ce, "Kai gishirin wa kak kawo?"

Haka nid dawo Tambuwal hannu wofi. Yanzu wanda ke ganin aikin ga na akuya ne cikinku, ga rogo can buhu biyu na jiran gurza. Ku tashi min daga benci.